Yaya za a koyar da tsarin kiristal ga 'yan aji uku ba tare da na'urar XRD ba?

Alli_da_Allo:
Assalamu alaikum malamai. Darasin tsarin kiristal ne ga ɗaliban kimiyyar sinadarai 'yan aji uku a wata jami'a nan Katsina. Mako huɗu aka ware, kuma babu na'urar XRD, wadda ke haska kiristal da eksire don a gano tsarinsa. Yaran sun haddace dokar Bragg, nλ = 2d sinθ (λ tsawon zangon hasken, d tazarar shimfiɗun atam, θ kusurwa), kamar karatun allo, amma da an ba su jerin kusurwoyi an ce su fitar da girman akwatin tushe (unit cell, ƙaramin akwatin da ke maimaita kansa ya gina kiristal) sai su tsaya cak. Ta ina ya dace a fara?

Ƙofar_Ƙaura_Kimiyya:
Wa alaikumus salam Malam. Rashin na'urar bai kai yadda ake zato ba, domin ko inda take ma'aikaci ne ke sarrafa ta, ɗalibi lambobi kawai ake miƙa masa. To ka ba su lambobin.

Fara da gishirin girki, NaCl. Da hasken eksire na tagulla, λ = 1.5406 Å (angstrom, ma'aunin tsawo a matakin atam), tsinayen farko guda biyar na zanen da na'urar ke fitarwa suna fitowa a 2θ = 27.4, 31.7, 45.5, 53.9 da 56.5. Kowa ya raba biyu ya sami θ, ya ɗauki sin, ya ninka shi da kansa: 0.0561, 0.0746, 0.1495, 0.2054, 0.2240. Kada ka faɗa musu abin da za su raba da shi, bar su su laluba. Wanda ya raba da na farko zai ga 1, 1.33, 2.67, ya ninka da uku sai ga 3, 4, 8, 11, 12 sun bayyana, wato shimfiɗun atam masu lambobin Miller 111, 200, 220, 311, 222. Wannan jerin shi ne shaidar fcc, wato akwati mai atam a kowace kusurwa da tsakiyar kowace fuska. Daga tsinin 200, d = 2.82 Å, don haka tsawon gefen akwatin, a = 5.64 Å.

Kada a tsaya nan. Su sa NaCl huɗu a akwatin, nauyin kowane mol 58.44, su fitar da nauyin santimita kubik ɗaya: 2.16 g, daidai da abin da ke littafi. A nan ɗalibi yake yarda cewa lissafin ba tatsuniya ba ne.

Wuri biyu suke faɗuwa kullum: sa 2θ a gurbin θ, da barin kalkuleta a radiyan. Sa kowa ya danna sin 30 kafin a fara. Wanda bai ga 0.5 ba ya gyara.

Malamar_Lab_Daura:
Ranka ya daɗe lissafin ya yi, amma ni ina ganin mako na biyu ne wurinsa. Yaron da bai taɓa riƙe akwatin tushe a hannu ba, 111 lamba ce kawai a wurinsa. A fara da tiren mai lemu a kasuwa: kowane lemo na sama yana zaune a ramin uku na ƙasa. Su mulmula yumɓu daidai-wa-daida, su haɗa da tsinken tsire, sannan su yanka da reza, su ga na kusurwa kashi ɗaya cikin takwas yake bayarwa, na fuska rabi. Daga nan adadin atam 1, 2, 4 a akwatin sc (atam a kusurwoyi kawai), bcc (kusurwoyi da tsakiyar akwati) da fcc, da cikar wuri 52, 68 da 74 cikin ɗari, ba sai an haddace ba.

Sannan su shuka kiristal da kansu. Alam ɗin potasiyam shi ya fi sauƙi: kimanin g 14 ke narkewa a ruwa ml 100 a zafin 20 °C, don haka a narka g 20 a ruwan ɗumi, a tace, a bar shi ya kwana. Gobe a zaɓi ƙwaya ɗaya mai tsabta, a ɗaura da zaren nailan a rataya cikin tataccen ruwan. Cikin mako za a ga fuska takwas sarai. A kula, yawancin alam ɗin da ake tace ruwa da shi salfet ɗin aluminiyam ne zalla, ba zai ba da wannan siffar ba. Kuma da hunturu iskar nan tana busar da ruwan da sauri, ƙura kuma kowace ƙwaya tana zame wa kiristal mafari, sai a wayi gari da tsaki cike da gindin kofi. A rufe da takardar tacewa, a ajiye nesa da taga da fanka.

Gobarau_XRD:
Na bi bayan Malama. Ƙari biyu. A sauke VESTA, kyauta ce, a ɗauko fayil ɗin CIF, mai ɗauke da bayanan tsarin kiristal, daga Crystallography Open Database tun a gida a zuba wa ɗalibai a filashi. Manhajar tana juya tsarin, tana kuma zana tsinayen garin kiristal ɗin.

Sai a ba su KCl a matsayin tarko. Tsarinsa irin na NaCl ne, a = 6.29 Å, amma K⁺ da Cl⁻ kowanne ilektoron 18 gare shi, don haka kusan daidai suke watsa hasken, sai tsinayen 111 da 311 su kusan ɓacewa, ɗalibi ya ce sc ne mai rabin girman. Bragg ƙarami, wato Lawrence ɗan William Bragg, ya yi aiki a kan gishirin nan biyu a 1913. Wanda ya gane wannan ya gane cewa kusurwa girman akwati take faɗa, tsayin tsini kuwa abin da ke ciki.

Alli_da_Allo:
Allah ya saka da alheri. Akwai abin da za su gani da ido na watsuwar hasken kanta?

Gobarau_XRD:
Akwai, Malam. Jar leza ta nuni, nm 650, da faifan CD, wanda tazarar layukansa µm 1.6 ce. A kafa faifan cm 50 daga bango, a haska shi miƙe. Ɗigon farko zai faɗa wajen cm 22 daga tsakiya, kusurwa kusan 24. A canza da DVD, µm 0.74, ɗigon ya yi nisa sosai: tazara ta ragu, kusurwa ta ƙaru. A gaya musu a nan d sinθ = nλ ne, babu 2 ɗin Bragg, kuma kowa ya tsaya a bayan faifan kada hasken ya shiga ido.