Za mu sayar da gidan gado, ina za mu fara gyara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida a Rijiyar Zaki a Kano, ɗaki huɗu da falo da shago ɗaya a bakin ƙofa. Mun amince a sayar a raba gado. Gidan ya kwana biyu: ɗakin baya yana yoyo, silin duk jirwayen ruwa, banɗaki ɗaya yana wari, gishiri kuma ya ci gindin bangon tsakar gida. Mun harhaɗa naira miliyan 2. Ƙanina yana so a sa tayil a falo, a yi POP, wato silin filasta mai ado, a canza get. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Don Allah ina ya kamata mu zuba kuɗin nan?

Wani magini: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya gafarta wa Baba. Ki fara da rufi. Mai saye in ya ɗaga kai ya ga jirwaye a silin, nan take zai cire kuɗin sabon rufi daga tayinsa, ko da kwano uku ne kawai suka huje. Ki sa kafinta ya hau ya duba ƙusoshi da indararo, ya ƙwanƙwasa katako ya ji ko gara ta shiga. Shi kuma gishirin bango, kada a kuskura a shafa masa fenti haka nan, damina ɗaya zai sake kumburowa. Sai an gano inda danshin ke fitowa, galibi kwata ce ko bututun banɗaki, a toshe, a kankare filastar har bulo, a bar shi ya sha iska, sannan a sake yaɓe da siminti mai haɗin maganin ruwa. Aikin rani ne wannan. In ruwa ya sauka a watan Yuni, bangon ba zai bushe yadda ake so ba.

Mai aikin famfo: Warin nan ko shadda ce ta cika, ko babu bututun fitar da iska. A kira motar kwasa, a ɗaga bututun ya wuce tsayin rufi, a canza kawunan famfon da ke ɗiga. Ba kuɗi mai yawa ba ne, kuma uwargidan mai saye banɗaki da kicin za ta fara leƙawa.

Wani dillali: Hajiya, ni kuma zan ce ku dakata tukuna. Kafin ku kashe ko sisi, ku kira dillalai biyu ko uku daban-daban su yi wa gidan kuɗi yadda yake. Kin ce akwai shago a ƙofa, ke nan gidan yana bakin hanya. Irin wannan sau da yawa filin ake saya, mai kuɗin rushewa zai yi ya tayar da shaguna ko bene. In haka ne, tayil ɗinku da POP tare da ɓaraguzai za a kwashe su. Ko da mai zama ne ya saya, kowa da irin launin da yake so, ba zai biya ku kuɗin zaɓinku ba. Share gida, fitar da tarkace, farin fenti a ciki da fuskar gida, a shafa wa get mai ya daina ƙara, sun wadatar. Ku kuma yanke maganar la'ada tun farko, a gaban shaidu.

Wata lauya: Yaya, ba a taɓo takardu ba, kuma su ne suka fi sa ciniki ya watse. Da sunan wa takardar gidan take? In akwai C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da ita ga wani, don haka ku je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a duba fayil ɗin da bashin harajin ƙasa. In takardar ciniki ce kawai ta mai unguwa, ku nemo ta asali da shaidun da ke raye. Ku karɓi takardar kotun shari'a mai nuna su wane ne magada, kowa ya sa hannu. A biya bashin wuta da na ruwa, a ajiye rasit. Ku ware wa wannan kasonsa daga cikin kuɗin kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya.

Wani malami: Malama, gyara halal ne, ɓoye aibi ne haramun. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Abin da ba ku iya gyarawa ba, ku nuna wa mai saye da bakinku, domin in ya gano daga baya yana da ikon mayar da ciniki. Sannan ku rubuta abin da kowa ya bayar a miliyan biyun nan, a mayar masa kafin rabo. In akwai ƙananan yara cikin magada, kada a taɓa haƙƙinsu sai da sanin waliyyinsu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ƙanina, ya haƙura da POP, amma yana nan kan bakansa game da get. Akwai ƙannenmu biyu da ba su balaga ba, don haka kotu za mu fara zuwa, sai dillalai. In suka ce gidan na zama ne, rufi da shadda da bango za mu yi. Malam magini, kafintan da zai duba rufin, kuɗin dubawa daban ake ba shi ko sai an ba shi aikin?

Wani magini: Ki ba shi na dubawa daban, Hajiya, kuma ki faɗa masa tun farko ba lallai shi zai yi aikin ba. Ta haka zai gaya miki ainihin kwano nawa ne suka lalace.