Pesewa ɗaya ta yi ɓatan dabo: long double zai dawo da ita?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Manhajar da na rubuta da yaren kwamfuta na Perl don lissafin adashen matan layinmu tana cin pesewa (a kuɗin Ghana, pesewa 100 ce sidi ɗaya). Na ninka sidi 19.99 sau 100, na yanke da int, umarnin da ke zubar da abin da ke bayan ɗigo, sai ga 1998 maimakon 1999. Gobe zan sake harhaɗa Perl da -Duselongdouble, don ya riƙa ajiye lambobi masu ɗigo a ma'ajin long double maimakon na double. Double bit 53 yake riƙe lamba da su, long double na Intel kuwa 64. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Malam na Aboabo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ta ƙare ba. Kwamfuta da biyu-biyu take ƙirga, kuma 0.99 a wajenta ba shi da iyaka, kamar yadda ɗaya bisa uku yake 0.333 har illa masha Allah a namu lissafin. Bit 11 da ka ƙara sun tura kuskuren can gaba ne kawai, daga wajen lamba ta 16 zuwa ta 19. Ko wannan ta daidaita, wata za ta karkace, int kuma ba ya tausayi, yankewa yake.

Injiniya ta Maamobi: Malam, a yi wa long double adalci dai. Masanin lissafi William Kahan da Intel ba wasa suka yi ba da suka sa shi a 8087, guntun kwamfuta mai yin lissafi, a 1980. Ni a lissafin gini, inda ake tara dubban lambobi, ƙarin nan yana rage tarin kuskure sosai.

Malam na Aboabo: Hajiya, ban musa ba. Siminti daban, kuɗin mutane daban.

Ɗan Nima: To in bai cutar ba, me zai hana in kunna?

Injiniya ta Maamobi: Nan kam ina bayan Malam. Girman lambar Perl, wato NV, zai canza, don haka duk abin da aka rubuta da XS, mai haɗa Perl da yaren C, irin su DBI na ma'ajiyar bayanai, sai ka sake harhaɗa shi. Na taɓa kwana a kan wannan, ga wuta tana ɗaukewa tana dawowa. Sannan sunan ɗaya ne, kayan daban: a Linux kan ARM64 bit 128 ne kuma a hankali yake tafiya, a kwamfailar Microsoft kuwa, wato manhajarsu ta harhaɗawa, daidai yake da double. Wace na'ura za ka ɗora manhajar a kai?

Ɗan Nima: Tsohuwar laftof ce yanzu, amma ina so in mayar kan Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai ARM.

Malam na Aboabo: Ka ji ko! Ajiye kuɗin a pesewa tun daga shigarwa, 1999 cif, ba ɗigo. Sai wajen nunawa ka raba da 100.

Ɗan Nima: In an zo raba sidi 100 wa mutum uku fa, Malam?

Malam na Aboabo: Kowa pesewa 3333, pesewa ɗaya ta yi saura. Wa zai ɗauka, wannan uwar adashe za ka tambaya, ba Perl ba.