Shin man kanumfari zai iya raba shanu da kaska?

Mai Gudali, Kware

Assalamu alaikum. Ina da shanu 14, yawancinsu Gudali, kuma tun da ruwa ya sauka a watan Yuni kaska ta addabe su. Jiya da na duƙa tatsa, na tarar da hantsar wata saniya cike da irin kaskar nan mai zane a baya da dogon baki, har kan nono ɗaya ya kumbura tana hana maraƙinta sha. Shekara 3 ke nan ina yi musu wanka da maganin kaska mai suna amitraz, amma bana bayan mako guda sai in ga kamar ban yi komai ba. Wani ɗan'uwa ya ba ni shawarar in koma ga man kanumfari ko na darbejiya. Ina roƙon waɗanda suka san abin su faɗa mini gaskiya kafin in kashe kuɗina.

Likitan dabbobi, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam. Mayukan nan biyu ba iri ɗaya ba ne. Man darbejiya matse shi ake yi daga ƙwallo kamar man gyaɗa, yana daɗewa a jikin fata, kuma aikinsa a hankali yake: yana hana kaska cin abinci yadda ya kamata, yana rage ƙyanƙyasar ƙwanta. Man kanumfari kuwa, da na bishiyar turare da na ɗaɗɗoya, da tururi ake tace su. Sinadarin eugenol da ke cikin kanumfari yana kashe ƙananan kaska sosai idan aka gwada a ɗakin bincike, sai dai ɗakin bincike daban, makiyaya daban. Mai ne mai saurin bin iska, a ranar Sakkwato kuwa ba zai jima a jikin saniya ba, alhali kaska mace guda tana zuba dubban ƙwai a ƙasa, 'ya'yan kuma suna nan a kan ciyawa suna jiran garken gobe.

Abin da ya fi damuna shi ne irin kaskar da ka kwatanta, domin ita ce ke buɗe wa cutar fatar nan ta kirci ƙofa a damina. Saniyar da nononta ya kumbura tana bukatar a duba ta yanzu, ba gwaji ba. Asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo bai yi maka nisa ba. Kuma kafin ka yanke cewa amitraz ya daina aiki, ka duba ko ana auna ruwan da ake gauraya shi da shi daidai, ko kuwa maganin ya sha rana a kasuwa.

Dattijo daga Wurno

Ɗana, ni da man darbejiya nake aiki shekara da shekaru. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, saboda haka sai na narkar da ɗan sabulu a ruwan ɗumi, in zuba man in kaɗa har ya yi fari kamar madara, sannan in shafa da tsumma a hammata da ƙarƙashin wutsiya da gindin hantsa, da yamma bayan rana ta yi sanyi. Manyan kaska kuwa da hannu nake cire su kowace safiya, in jefa cikin wuta, domin wadda ka yar a ƙasa gobe 'ya'yanta za ka gani. Bai ƙarar da su ba, amma ya rage mini yawan wankan magani.

Mai Gudali, Kware

Na gode, Baba. Likita, in na samu man kanumfarin, zan iya shafa shi kai tsaye a inda kaskar ta taru?

Likitan dabbobi, Sakkwato

A'a, Malam, kada ka shafa shi tsantsarsa, domin yana ƙona fata, musamman hantsa da kewayen ido. Ka gauraya kaɗan a cikin man gyaɗa ko na darbejiya, ka gwada a wuri ƙarami a jikin bijimi guda, ka jira kwana ɗaya ka ga ko wurin ya yi ja. Kan nonon da maraƙi ke sha kuma kada man ya taɓa shi.