Zuwa da kai ya fi saƙo: har da rubutacce?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Jiya yayana ya yi fushi da ni saboda na yi masa ta'aziyyar surukarsa ta saƙon waya, ya ce mini zuwa da kai ya fi saƙo, ya katse kiran. Shin magabata saƙon baki kaɗai suke nufi, wanda ɗan aike kan ƙara wa gishiri, ko kuwa har da rubutacce?

Tsohon Masinja: Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina ɗan aike ake zargi. Turawa ma da kayan aikinsa suka raɗa wa abin suna, domin kalmar "mail" daga tsohon Faransanci ta fito, ma'anarta jakar matafiyi, "post" kuwa zangon da ake sauya dawakin masu kai wasiƙa ne. Jaka ba ta ƙara gishiri.

Jikar Hajiya Babba: Baba, jaka ba ta ƙarawa, amma mai karantawa fa? Kakanmu yana fataucin goro a Kumasi ya aiko wa kakarmu wasiƙa a ambulan mai kan sarki. Da yake ba ta yi boko ba, sai aka kira ɗan maƙwabta, ya tsaya a tsakar gida ya karanta da ƙarfi, kishiyoyi biyu suna bakin murhu, har wurin da maigida ya ce ya ba wani direba fam uku ya kawo mata, kada kowa ya sani. Har ta koma ga Allah, idan aka ambaci gidan waya sai ta yi tsaki.

Malam Na Zariya: Allah ya jiƙanta. Gara ita ba ta biya ba, domin a Ingila kafin a fito da kan sarki a 1840, mai hoton Sarauniya Victoria, galibi wanda aka aika wa ne yake biyan kuɗin wasiƙa.

Ɗan Kurmi: To mu a mazaɓarmu zuwa da kai sau ɗaya ne a shekara huɗu, da taliya da sabulu, daga nan ko saƙon ma ba a gani.

Tsohon Masinja: Wannan ai zuwa da kai ne wanda saƙo ya fi shi.

Uwar Biyu: Har yanzu ba ku ce mini ko in shiga mota gobe ba.

Malam Na Zariya: Ki ɗan dakata, Hajiya. Fam ukun nan, direban ya kawo kuwa, ko raba su aka yi?