Neman kalma: me za mu kira PM2.5 a sanarwar rediyo?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara sanarwar rediyo ta daƙiƙa 60 kan gurɓatar iska, gobe ƙarfe tara za a naɗa. Komai ya zauna sai PM2.5. Buƙatar masu sanarwar ita ce mutane su daina ƙona shara, su kuma nisanta janareta daga taga. "Ƙura" ko "hayaƙi"?

Injiniyan Muhalli: Wa alaikumus salam. Duka biyun ba su kama ba. PM2.5 awo ne na girma: duk ɗigon da ke yawo a iska, busasshe ko mai ruwa, wanda faɗinsa bai wuce maikuromita 2.5 ba. Maikuromita kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai wajen maikuromita 70 ne, kenan abin ya fi silin gashi siranta kusan sau 30. Manyan cikin PM10, wato masu faɗi har maikuromita 10, gashin hanci da majina suna tare da yawansu. Ƙananan kuwa wucewa suke har ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙanta ma su shiga jinin. Shi ya sa ba tari da asma kaɗai ba, har da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In kika ce "hayaƙi", mai sauraro zai ɗauka da hayaƙin ya washe an gama, alhali suna iya kwanaki a iska.

Malama Kimiyya: Sannan ba duka ne ke fitowa kai tsaye daga wuta ba. Wani kaso a sama yake haɗuwa, idan iskar salfa da ta naitirojin daga injina da masana'antu suka gamu da amoniya daga taki. Don haka "toka" da "kunkunniya" ma sun faɗi. Ina ba da "lallausar ƙura".

Ɗan Azanci: Ku huta, na gama muku aiki: HAYAƘURA. Hayaƙi da ƙura a dunƙule. Gaɓa huɗu, daɗin faɗa, yaro ma zai riƙe.

Tsohon Edita: Malam Ɗan Azanci, Hausa ba ta yanke wutsiyar kalma ta liƙa wa wata. Tana harhaɗawa: jirgin sama, gidan waya, fasa-ƙwauri. Ga kuma matsalar lanƙwasa, rabin masu waya ba sa rubuta ƙ, gobe za ka ga "hayakura" kamar sabuwar dabbar dawa. Muna da "zarra" tun tuni. A ce "ƙwayar zarrar iska".

Malama Kimiyya: Ranka ya daɗe, zarra ta riga ta yi aure. Da ita muke koyar da atam, da ita ake kiran makamin ƙare dangi. Ɗigo guda na PM2.5 yana iya ɗauke da atam biliyoyi. In aka faɗa a rediyo wani zai zaci nukiliya ake magana.

Ɗan Azanci: To ita zarrar Hausa ce? Larabci ne tsagwaronsa. In Larabci ne ku ce gado, in Turanci ne ku ce ci gaba, in Bahaushe ne ya ƙirƙiro ku ce ba ƙa'ida. Haka za mu dawwama muna bara a ƙofar harsunan wasu.

Tsohon Edita: Aro ba bara ba ne. Littafi, alƙalami, mota, asibiti, wanne za ka mayar? Wanda bai san yadda harshe ke gina kalma ba, shi ne ke zubar masa da mutunci, ko da sunan kishi ya zo.

Ɗan Azanci: Wa ya ba ku hatimin? Kalma ta masu magana ce, ba ta masu jan biro ba.

Mai Fassara: Don Allah iyayena, a bar wannan sai jibi. Lokaci na ƙurewa.

Injiniyan Muhalli: Ga gwajin da ya kamata kalmar ta ci: ta sanar da abu biyu, ido ba ya ganinsa, kuma shaƙarsa ake. "Lallausa" tana nuna laushi, ba ta nuna haɗari, kunne ma jin ta yake kamar yabo. Ni "ɓoyayyiyar ƙura" nake gani. A karon farko ki faɗa cikakke: ɓoyayyiyar ƙura mai shiga huhu, wadda masana ke kira PM2.5. Daga nan ki riƙa gajarcewa. Kar ki jefar da lambar gaba ɗaya, ita ce mutum zai gani a manhajar duba iska da jikin na'urar awo.

Sai alƙaluma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar PM2.5 ta shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita a 2021, ta yini guda kuma 15 ce. Wannan na takarda ne, ba ya zama a kunne. Guda ɗaya ya isa: gurɓatar iskar waje da ta cikin gida suna kashe mutum kusan miliyan 7 a shekara. Sauran daƙiƙun ki ba aiki, umarni uku kawai: kar a ƙona shara, musamman leda da taya, a buɗe taga ko ƙofa lokacin girki da itace ko gawayi, janareta ya zauna a waje, aƙalla mita 6 daga taga, bakin salansa na kallon nesa da gida. Wannan na ƙarshe ya fi gaggawa saboda iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa a dare ɗaya. Ita gas ce, kar ki haɗa ta cikin ma'anar kalmar.

Malama Kimiyya: In za a ambaci takunkumi, a ce N95 wanda ya manne a fuska. Na yadi da na asibiti suna barin iska ta gefen hanci da kumatu, kariyarsu kaɗan ce. Na yarda da "ɓoyayyiyar" don rediyo. A aji kam ba zan sa ta ba, domin in ta yi yawa ana ganin ta ƙarara, ita ce ke dusashe sararin birni. Ɗalibi mai kaifi zai kama ni.

Tsohon Edita: Ba ta yi mini daɗi ba, gaɓa shida kafin a je ko'ina. Amma ginin Hausa ne, ba zan tsaya a gabanta ba.

Mai Fassara: Na gwada da agogo, ta shiga a daƙiƙa 58. Da ita zan tafi. Allah ya saka da alheri. PM10 fa, in ta taso a kashi na biyu?

Malama Kimiyya: Wannan "ƙura" zalla ta ishe ta.

Injiniyan Muhalli: Ba ta isa ba, PM2.5 tana cikin lissafin PM10. A buɗe mata zaure daban.

Ɗan Azanci: Ku buɗe goma. Ni dai hayaƙura zan ci gaba da rubutawa, da lanƙwasarta, mu ga wadda za ta rigaya shiga bakin mutane.