Gahawar gida da munduwar maganaɗisu: shawarwari a zaure

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu shan gahawa ku taimaka min. Tawa ta gida ba ta da tabbas: yau ɗaci ya hana ni shanyewa, gobe ta fito salam ba ɗanɗano. Niƙaƙƙen gari nake saya, in tafasa ruwa, in zuba cokali biyu. Ina matsalar take?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Matsalar farko tana cikin cokali biyun nan. Na yau da tozo, na gobe a shafe. Kuma gahawar da aka gasa har ta yi baƙi ba ta kai wadda aka gasa sama-sama nauyi ba, don haka cokali ɗaya ba awo ɗaya ba ne. Ki nemi ɗan ƙaramin sikelin kicin. Giram 60 na gari a lita ɗaya ta ruwa, wato giram 15 a kofi mai cin mililita 250. Daga nan za ki fara, in ta yi miki ƙarfi ki rage kaɗan.

Ɗan Auta: Sikeli saboda gahawa? Yaya Injiniya, kicin ɗin Maman Tagwaye kake so ka mayar ɗakin gwaje-gwaje kenan.

Injiniya: Ƙanina, wanda bai auna ba, ranar da ta yi daɗi ba zai san abin da ya yi ba, balle ya maimaita.

Anti Babba: Ni ruwan ne ya tsaya min a rai. 'Yata, kin ce kina tafasawa ki zuba. Ki riƙa sauke butar ki bar ta ta huce kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Zafin da ake so tsakanin digiri 90 ne da 96. Ruwa mai tafarfasa a kan garin da aka gasa ya yi baƙi shi ke fito da ɗacin nan. Sannan ki bar harshenki ya yi miki jagora. In ta yi tsami-tsami kuma ba kauri, ruwan bai gama tatso garin ba: ko garin ya yi tsaki-tsaki da yawa, ko lokacin bai isa ba, ko ruwan ya huce. In ta yi ɗaci mai busar da baki, an wuce gona da iri, garin ya yi laushi ko an bar shi ya daɗe. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane haɗi, kada ki taɓa uku a lokaci guda.

Maman Tagwaye: Anti wallahi ban taɓa sanin tsami da ɗaci kowanne da dalilinsa ba. To garin fa? Wanda nake da shi ya jima a buɗe.

Injiniya: To ga babbar matsalar. Da zarar an niƙa ƙwaya, iska ta samu hanyar shiga kowane ɓarɓashi, ƙamshin ya fara tafiya. Ki sayi ƙwaya, ki duba ranar da aka gasa ta a jikin leda, ba ranar lalacewa kaɗai ba, ki niƙa daidai wanda za ki sha. Injin niƙan kuma iri biyu ne. Mai wuƙa mai juyawa sara yake yi, wani ya zama ƙura wani ya tsaya ƙato, sai ƙurar ta ba ki ɗaci, manyan su ba ki tsami, duka a kofi ɗaya. Mai haƙora biyu da ke murƙushewa a tsakaninsu shi ke fitar da gari daidai wa daida. Na hannu ma ya isa. In kuɗin abu ɗaya kike da shi, sa shi a nan, ba a tukunya mai tsada ba.

Mai Zaure: Ga gwaji mai sauƙi. Ki zuba ruwa kaɗan, kamar ninki biyu na nauyin garin, ki jira daƙiƙa 30 zuwa 45. Sabuwar gahawa za ta kumbura ta yi kumfa, iskar da gashi ya bari a cikin ƙwayar ce take fita. In ta kwanta shiru ba motsi, ta tsufa.

Malam Mai Tarihi: Ni ina bayan takardar tacewa. Wata matar aure ce a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tauna ɓarɓashi, a 1908 ta huhhuda gindin wata tukunyar tagulla ta shimfiɗa takardar shanye tawada daga littafin makarantar ɗanta. Har yau kamfanin da sunanta yake tafiya. Shawarata ɗaya: a jiƙa takardar da ruwan zafi tukuna a zubar, in ba haka ba warin takarda yana shiga.

Anti Babba: Malam, takarda tana riƙe man gahawar, a wurina nan daɗin yake. Na fi son butar gilashin nan mai matsi daga sama. Gari mai tsaki-tsaki, minti 4, a danna a hankali, a juye duka nan take. Kada a bar ragowar a ciki tana ta jiƙa.

Malama Nas: Anti, man da kuke so ɗin yana ɗauke da wani sinadari da ke ɗaga kolestarol a jini in ana sha da yawa kullum, takarda kuwa tana tare mafi yawansa. Mai lafiya da ke shan kofi ɗaya ba abin damuwa ba ne, amma wanda likita ya riga ya ja wa kunne ya koma takarda. Tunda na shigo: babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin, sinadarin gahawa mai wartsakar da jiki, a yini, kamar kofi huɗu, mai juna biyu kuma 200. Bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jiki, shi ya sa na yamma ke hana wasu barci.

Ɗan Auta: Mai tukunyar Bialetti fa, 'yar tukunyar gahawar nan mai hawa biyu da ake ɗorawa a wuta, ruwa a ƙasa gari a tsakiya? Tawa kullum ƙauri take yi.

Injiniya: Wuta ta yi yawa. Zuba ruwan da ya riga ya yi zafi a ƙasa, kada ya haye ɗan bawul ɗin, kada ka danne garin, rage wuta, ka sauke da zarar ta fara gurnani. Maman Tagwaye, ki ajiye ƙwayar a mazubi mai murfi da iska ba ta shiga, nesa da haske da zafin murhu. Ban da firji, laima da warin abinci take zuƙa.

Anti Babba: Kada a manta ruwan kansa. Kusan kashi 98 cikin ɗari na abin da ke kofin ruwa ne. In yana warin kulorin, gahawar ma za ta yi.

Ɗan Auta: Yauwa, kun zo inda nake so. Na ga ana tallar wani faifan maganaɗisu, wai a ɗora kofin ruwa a kai, ruwan ya "rayu", ɗanɗano ya gyaru, har jini ya riƙa gudu sosai. Akwai wanda ya gwada?

Injiniya: Riƙe kuɗinka. Ruwa ba ya riƙe maganaɗisu, kana ɗauke kofin shi ke nan. Kuma faifan bai cire komai daga ciki ba, kulorin ɗin yana nan inda yake. Matatar gawayi ce ke wannan aikin. In kana shakka, sa wani ya haɗa maka kofi uku, ɗaya da ruwan faifan, biyu da ruwan da ba a taɓa ba, ba tare da ka san wanne ne wanne ba. Ka nuna na faifan, a sake, ka sake nunawa.

Kawu: Salamu alaikum. Ina karanta ku tun ɗazu ban sa baki ba, don ni gahawa ba ta dame ni ba. Amma maganar maganaɗisu kada a yi mata kuɗin goro. Munduwarsa tana hannuna yanzu haka, surukina ya kawo min saboda ciwon wuyan hannu, kuma ni dai na ji sauƙi. An ce yana janyo ƙarfen da ke cikin jini ne zuwa wurin ciwon.

Malama Nas: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara sauƙi. Ba na musun sauƙin da kuka ji, ku ne da jikin. Bayanin masu tallar ne ba daidai ba. Ƙarfen jini ba irin na ƙusa ba ne, ƙwaya ɗai-ɗai ce a ɗaure cikin sinadarin jan jini, maganaɗisu ba ya fizgar sa. Ku duba na'urar hoton MRI: ƙarfin maganaɗisunta tesla 1.5 zuwa 3 ne, ya ninka irin wanda ake mannawa a ƙofar firji sau ɗaruruwa. Tana iya fizgo tukunyar iskar oksijin daga nesa, amma mutum yana kwanciya a cikinta rabin awa jininsa bai taru wuri ɗaya ba.

Injiniya: Ƙari a kan haka Kawu, ƙarfin ɗan maganaɗisu yana faɗuwa da sauri in an matsa. Ku cire munduwar ku gwada ta da allura, sannan ku sa yatsa a tsakaninsu ku ga ko za ta ɗauka. Abin da ya kasa ƙetare kaurin yatsa, me zai isa da shi cikin gaɓa?

Kawu: To sauƙin daga ina ya zo? Ƙarya nake yi wa kaina?

Malama Nas: Subhanallahi, ba haka nake nufi ba Kawu. Ciwon gaɓa hawa da sauka yake yi. Mutum yakan nemi magani ne ranar da abin ya yi tsanani, daga nan kuwa sau da yawa sauka zai yi ko an sa wani abu ko ba a sa ba. Ga kuma sa rai, wanda yake rage jin zafi da gaske. Wataƙila ma munduwar tana tuna muku ku lallaɓa hannun. Shi ya sa masu bincike ke gwadawa da ta bogi. A 2013 Jami'ar York ta Ingila ta fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 70 masu amosanin gaɓɓai. Kowannensu ya sa iri huɗu bi da bi: mai cikakken maganaɗisu, mai rauni, wadda aka zare wa ƙarfin gaba ɗaya, da ta tagulla. Ba a samu wani bambancin a zo a gani ba, ko a zafi ko a kumburi. Kafin nan, a 2007, mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta tattara gwaje-gwaje da dama, ta ce hujjar ba ta kai a ba mutane shawarar sa maganaɗisu don rage ciwo ba.

Malam Mai Tarihi: Wannan muhawarar ta girmi kowa a zauren nan, har da Kawu. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya fara da maganaɗisun gaske, daga baya ya ce ƙarfin a jikinsa yake, ya tara jama'a a Paris suna faɗuwa suna shure-shure. A 1784 Sarki Louis na 16 na Faransa ya kafa kwamiti, ciki har da masanin kimiyya ɗan Amurka Benjamin Franklin da masanin sinadarai Lavoisier. Almajirin Mesmer ya "ɗora ƙarfin" a kan wata bishiya a lambun Franklin, aka rufe wa wani yaro ido aka riƙa kai shi bishiya bishiya. Ya suma kuwa, amma a gindin wadda ba a taɓa ba. Kwamitin ya ce tunanin mutum ne ke aikin.

Ɗan Auta: Amma na ji ana amfani da maganaɗisu a asibiti don ciwon damuwa. Wannan ma bogi ne?

Malama Nas: A'a, wannan daban ne. Na'ura ce da ake ɗorawa a kai, tana harba filin maganaɗisu mai ƙarfi da ke canzawa cikin ƙiftawar ido, shi kuma ya tayar da 'yar wutar lantarki a ƙwaƙwalwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2008 don ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Munduwa da katifa da shimfiɗar takalmi ƙarfinsu a tsaye yake, ba sa tayar da komai. Masu talla suna son fakewa da sunan waccan su sayar da wannan.

Kawu: Na ji ku duka. Amma ni ba zan cire ba, kyauta ce, kuma ba ta cuce ni ba.

Malama Nas: Ku bar abarku Kawu, da sharaɗi. Kada ku ajiye maganin likita saboda ita, kuma in hannun yana kumbura ko yana sandarewa da safe a je a duba, don amosani yana cin gaɓa a hankali ko zafin ya lafa. Akwai mai na'urar daidaita bugun zuciya a gidan?

Kawu: Uwargida tana da ita.

Malama Nas: To wannan ya fi komai muhimmanci. Maganaɗisu yana iya sauya yadda na'urar ke aiki. A bar aƙalla santimita 15 tsakanin munduwar da ƙirjinta, ku cire kafin ku kwanta, kuma kada a kawo mata abin wuya ko katifa irin wannan.

Maman Tagwaye: Malama, yara fa? Nawa komai baki suke kaiwa.

Malama Nas: A ɓoye musu nesa, musamman ƙananan masu ƙarfin nan da ke ɓallewa daga munduwa. In yaro ya haɗiye biyu ko fiye, suna manne juna ta bangon hanji su huda shi, kuma da farko ba lallai a ga alama ba. Ko zargi kika yi, asibiti kai tsaye, kada a jira wai ya fita da kansa.

Kawu: An ce za a yi min hoton MRI na gwiwa wata mai zuwa. Ita ma sai na cire?

Malama Nas: Ƙwarai, tun a ƙofa, tare da agogo da makulli da waya. In Hajiya za ta raka ku, ku faɗa wa ma'aikatan tana da na'urar zuciya, za su nuna mata inda za ta zauna ta jira.