Taƙaitawa: Kallon tsuntsaye, da mai son ya mayar da shi sana'a

An tattauna kan yadda ake fara kallon tsuntsaye, wuraren zuwa, da yadda za a mayar da shi sana'a. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da tsuntsayen gida: shamuwa da ke zuwa da damina, belbela, hasbiya. A fita da sassafe, a riƙe ɗan littafi ana rubuta rana da wuri da abin da aka gani.

2. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 (yana ƙara girman abu sau takwas, faɗin gilashinsa milimita 42) ya ishi mai farawa. Kyamara ta jira. Manhajar waya ta Merlin na taimakawa wajen gane tsuntsu, eBird kuma shafin intanet ne na adana lissafin tsuntsayen da aka gani.

3. Wuraren zuwa: an ambaci Kolombiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan nau'o'in tsuntsaye, sai Kenya da Gambiya. Wasu suka ce kafin a sayi tikiti a je fadamar Hadeja-Nguru da sanyi, lokacin da baƙin tsuntsaye ke saukowa daga Turai.

4. A kan mayar da shi sana'a aka rabu. Wani ɓangare ya ce sai da karatu: digiri a ilimin halittu, sannan digiri na biyu a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos. Ɗaya ɓangaren ya ce mai yi wa baƙi jagora kunnensa ne jarinsa, in ya san kukan tsuntsu tun bai gan shi ba, ba mai tambayarsa takarda. Ni dai ina ganin aikin bincike ba ya yiwuwa sai da takardar.

5. Kuɗin ba yawa, aikin jagora kuma na lokaci ne. Da yawa sun ce a haɗa da koyarwa ko wata sana'a.